Takanas ta Kano har Daura saboda akwatin kaset ɗaya

Tun da na dawo ake ta tambayata wai da gaske ne na bar aikina na tafi Katsina da Daura saboda tsofaffin kaset. Da gaske ne, kuma gara in rubuta yadda akai kowa ya karanta a huta.

Wanda ya zauna da ni ya san irin kiɗan da ke wayata, hardcore punk da thrash metal, wanda a gidanmu suke ce ma kiɗan masu ihu. Hardcore shi ne punk ɗin, wato kiɗan jita na matasa masu bore, da yara suka ƙara ma gudu da zafi a farkon shekarun 1980, waƙa sai ta ƙare a minti ɗaya wani lokacin ma ba ta kai ba, shi kuma thrash ya ɗauki wannan gudun ya haɗa da nauyin jita irin na metal. Abin da ya riƙe ni ba ƙarar ba ce kawai, yadda suka yi abin ne. Ba kamfani ba gidan rediyo, yaro zai naɗi waƙar ƙungiyarsu a ɗaki da rikoda ya kwafa a kaset ya sa a ambulan ya aika ma wani yaron a ƙasar da bai taɓa takawa ba, shi kuma ya aiko masa da nasu. Da yawansu ko faifai ɗaya ba su taɓa fitarwa ba, in kaset ɗin ya lalace to shikenan an rasa su har abada.

To akwai abokina ɗan Katsina da muka yi makaranta tare, wata rana ya ji ina sauraro sai ya ce ai kawunsa na Daura yana da irin wannan ihun cike da akwati, tun zamanin da ya yi karatu a Poland. Na ɗauka tsokana ce, sai da ya je gaishe shi ya ɗauko mun hoton kaset guda ɗaya, an rubuta da biro a jikinsa, Jarocin 84. Wallahi ranar ban yi baccin kirki ba. Jarocin wani ƙaramin gari ne a Poland da ake bikin kiɗan matasa duk shekara a zamanin gurguzu, kuma yawancin abin da ya tsira daga can mutanen cikin taro ne suka ɗaga rikoda sama suka naɗa da hannunsu.

Bayan asuba na nufi tashar Ƙofar Ruwa da jakata, laftof, ƙaramin akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, wayoyi, auduga da kwalbar sifirit. Hajiyata ta ja mun kunne sosai kar in kuskura in yi tafiyar dare, kuma kar in bi kowa yankin Batsari ko Jibiya ko da wa zai ja ni, na ce mata hanyata daban ce. Na samu Sharon saura mutum biyu, naira 4,500 kuɗin mota, muka tashi hantsi bai gama dubawa ba ga hazo ya rufe ko ina don tsakiyar hunturu ne. Dawanau, Bichi, Tsanyawa duk ban ga komai ba sai ƙura da manyan motocin hatsi.

Shingaye kam akwai su, wasu direba ya ɗaga hannu a wuce wasu a tsaya. A wani bayan Gidan Mutum Ɗaya aka ce kowa ya buɗe jakarsa, jami'in ya ga wayoyi da akwatin nan mai fitila ya ɗaga ya juya ya ce kai ɗan jarida ne? Na ce a'a yallaɓai, tsofaffin kaset zan je in kwafa kafin su mutu. Ya ɗan tsaya yana kallona sai ya ce ana iya yi dama? Ashe mahaifinsa ya rasu ya bar masu kaset ɗin da ya naɗi muryarsa yana masu wasiyya tun suna yara, kuma ba su da abin saurare. Na faɗa masa yadda ake yi a gurguje direba na ta danna hon, ya mayar mun da kayana da kansa ya zuge jakar. Kankiya da Charanci muka wuce ba tsayawa, kafin azahar mun shiga Katsina.

Abokina ya ɗauke ni a mashin. Duk sanda na zo Katsina abin da nake fara lura da shi shi ne sarari, tituna a buɗe, mutum zai iya tsallaka titi ba tare da ya yi ta addu'a ba irin na Kano. Muka ci waina da miyar taushe a wajen wata mata naira 1,200 mu biyu, muka yi sallah, ya zaga da ni ta Ƙofar Soro na hango fadar sarki muka biya ta hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa da ya haura shekara 500 yana nan a tsaye. Ban hau ba, hankalina na kan abu ɗaya, rikoda. Dalilin da ya sa ma na biyo ta Katsina kenan ban miƙe Daura ta Kazaure ba, don kawun ya ce tasa rikodar ta mutu tuntuni, kuma abokina ya san wani dattijo mai gyaran rediyo a kusa da babbar kasuwa.

Shagon nan sai da na ji kamar kar in fita. Rediyoyi ne jibge har rufi, National, Sanyo, Sharp, wasu ba murfi wasu ba sifika, ƙura ta mayar da su duk kala ɗaya. Na ce baba rikoda nake nema mai wajen jona waya ta baya, ba irin ta ɗauka a hannu ba. Ya cire tabarau ya ce mi za ka yi da ita a wannan zamani, kai da kake da waya? Da na yi masa bayani bai ce komai ba ya shige ciki ya daɗe, sai ga shi da wata Technics baƙa ya hure ƙurar. Da ya buɗe ta bel ɗin ya narke ya zama baƙin danƙo ya manne a ƙarfen, ya zauna ya kankare shi da tsinke da sifirit, ya ciro wani bel daga wata matacciyar rikoda ya gwada ya yi sako-sako, ya sake ciro wani. Ya goge kan da zaren ke bi da auduga sai da audugar ta koma ruwan ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya saita gudunta. Ba shi da wata na'urar awo, kaset ɗin Shata ya ɗauko daga aljihun tebur ya saka, ya sa ƙaramar sukundireba a bayan motar rikodar yana juyawa a hankali kunnensa a karkace. Muryar ta yi siririya ya koma baya, ta yi kauri ya dawo, can sai ya ɗaga hannu ya ce yawwa, nan ne, ai ni na san muryar Alhaji. Na ce a raina wannan shi ne gwani. Ya ce to bari in ji abin da za ka kwafa, na kunna masa Discharge a waya, 'yan Ingila ne daga Stoke-on-Trent waɗanda salon gangarsu ya zama makaranta guda har ake ce masa D-beat. Ya yamutsa fuska ya ce wannan kiɗa ne ko faɗa ake? Amma bai ce in kashe ba, ya bari ta kai ƙarshe sannan ya ce mai gangan nan dai ba rago ba ne, hannunshi bai sauka ba ko sau ɗaya.

Ya ƙi sayar mun da ita, ya ce aro zai ba ni saboda mahaifin abokina, na ajiye 15,000 jingina na biya 3,000 kuɗin gyara. Muna fita yake ce mana mutane na zuwa da buhu-buhun kaset na tafsiri da na Ɗankwairo da Ɗan Anace su ce ya saya, in ya ce ba shi da wajen ajiya sai su ba 'yan jari bola. Wannan maganar ta tsaya mun a rai har yanzu, don ni na tafi ceto kaset ɗin wasu yaran Turai ga namu ana aunawa a sikeli.

A shagon abokina na kwana wajen Ƙofar Marusa, katifa ɗaya bargo ɗaya, sanyin Katsina na asuba ya fi na Kano cizo nesa ba kusa ba. Da safe muka sha koko da ƙosai muka nufi tasha, Daura naira 2,500 kowa, na rungume rikodar a cinya na naɗe ta da zani saboda ƙura. Hanyar ta bi ta Mashi da Shargalle, gonaki an gama girbi sai karan gero a tsaye da shanu na kiwo, wasu wuraren ana hango aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi. Shingayen nan sun fi yawa saboda kusa da iyaka ne, amma buhuna suke dubawa ba mu ba.

Kawu yana zaune a ƙofar gida kan tabarma da carbi, farin gemu, injiniyan noma ne da ya yi ritaya ya koma gonarsa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya ya tambayi hanya, ya ce a kai mu ɗakin baƙi. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, furar Daura dai ba sai na tsaya yabo ba, mai yaji ce ga laushi, na sha har na kasa cin abincin rana sosai. Ni duk na ƙagu amma ko kalmar kaset bai furta ba, abokina ya taɓa ni ya ce kar ka fara, shi zai kawo maganar da kansa. Da la'asar muka je rijiyar Kusugu muka dawo, akai magariba akai isha'i aka ci tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, sannan ya ce to ɗana, kai ne mai son ihun nan?

Ya ce ya tafi a 1982 da tallafin karatu, lokacin nan duk jihar Kaduna ce, ya dawo 1988 ya tarar an yi jihar Katsina shekara ɗaya kafin nan. Shekarar farko a Lodz ya yi ta yana koyon yarensu kamar sauran ɗaliban waje, sannan aka tura shi Poznan. Ya tarar da ƙasar cikin dokar soja da aka kafa tun Disambar 1981, nama da sukari sai da kati, layi a ko ina, ga sanyin da ya ce har ƙashi yake shiga. Yadda ya haɗu da yaran punk kuwa ta dalilin kaset ne. Kaset ɗin ƙasar, Stilon, ba shi da kyau yana cinye sauti yana ɓata kan rikoda, masu kyau irin TDK da Maxell sai a shagon Pewex inda ba a karɓar komai sai dala, shi kuma ɗalibin waje ne yana ɗan samun dala. Wani yaro mai askin tsaye a ɗakunan kwanansu ya roƙe shi ya sayo masa guda biyu, da ya kawo masa sai yaron ya dawo masa da ɗaya a cike ya ce wannan ladanka ne. Ya ce da ya saka ya ɗauka rikodar ce ta lalace.

Na ce baba to me ya sa ka ci gaba da ji? Ya ce don ya fara jin yaren. Da ya gane abin da suke faɗa sai ya ga ashe yaran ma'aikatan masana'anta ne suna faɗin abin da iyayensu ke tsoron faɗi, layin burodi, ƙaryar talabijin, sojan da ke tsaye a kan titi. Ya ba ni labarin Dezerter 'yan Warsaw da tun farko sunansu SS-20, sunan makamin linzamin Tarayyar Sobiyet, hukuma ta hana su amfani da shi, kuma ko waƙa za ka yi a fili sai ka kai rubutunta an duba an buga hatimi. Ni na san cewa a 1987 mujallar Maximumrocknroll ta Amurka ta fitar masu da faifai da abin da aka fitar daga ƙasar a ɓoye, na faɗa masa, ya ce ya ji labari a lokacin amma shi bai taɓa riƙe faifan a hannu ba, kwafin kwafi kawai ya samu.

Sai ya yi shiru ya ce akwai kuma abin da ya fi wannan. A shekarunsa na ƙarshe wasu 'yan iska masu aske kai tal suka fara tare baƙaƙen ɗalibai da dare, an taɓa fasa masa baki a tashar jirgin cikin gari. Tun daga ranar yaran nan masu yagaggun riguna da kowa ke ƙyama su ne suke raka shi har ƙofar ɗaki, su uku su huɗu, ba su taɓa gajiya ba har ya gama. Ya ce shi ya sa ko da ya dawo ya daina jin kiɗa gaba ɗaya ya kama abin da ya fi masa, bai iya zubar da akwatin ba. Wasu dai ya ƙona su tun da daɗewa, waɗanda aka zana shaiɗan da ƙahoni a jikinsu, ya ce waɗannan ba ruwansa da su, ni ma na ce masa ba su ne nawa ba. Ya yi dariya ya ce shi kaɗai ne ba ya shan giya a cikinsu, har wata rana suka kawo masa kaset ɗin Minor Threat suka ce ga 'yan uwanka a Amurka. Waɗannan 'yan Washington ne, waƙarsu ta 1981 ce ta haifar da abin da ake ce ma straight edge, matasan punk da suka ce ba giya ba ƙwaya ba taba, kuma mawaƙinsu Ian MacKaye shi da abokinsa suka kafa ƙaramin kamfanin faifai mai suna Dischord a 1980 suna naɗe bangon faifai da hannunsu.

Aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, na ƙarfe ne irin na 'yan makarantar kwana. Ciki akwai takardun shaidarsa, hular sanyi, wasiƙu ɗaure da roba, sai kaset sun haura 50 a jere. Bushewar Daura ta taimaka don ba wanda ya yi fumfuna, amma zafi ya lanƙwasa wasu, da yawa kuma ɗan soson nan da ke danna zare a kan rikoda ya faɗi. Hannuna har rawa yake. Ga kwafin kaset ɗin gwaji na Metallica, ƙungiyar thrash ta Amurka, na 1982 wanda ya zaga duniya hannu da hannu tun ba su da faifai, lokacin Dave Mustaine na cikinsu, an kwafa an sake kwafa har sautin ya dusashe. Kawu ya ce ya gan su da idonsa a Katowice a farkon 1987, ƙungiyar ƙasar mai suna Kat ce ta buɗe masu. Ga wani an rubuta Finlandia, ciki Terveet Kädet ne da Kaaos da Rattus, yaran arewacin duniya da ke ihu da yarensu har 'yan Birazil suka kwaikwaye su. Ga na Birazil ɗin ma, Ratos de Porão a gefe ɗaya, ɗaya gefen Sepultura na 1985 tun suna yara a Belo Horizonte. Ga D.R.I. 'yan Houston da suka cusa waƙa 22 a ƙaramin faifai ɗaya duka ba ta kai minti 20 ba. Ga Bad Brains, baƙaƙen fata huɗu daga Washington da suka fi kowa gudu, wanda kundinsu na farko a 1982 a kaset kawai ya fito mai ruwan ɗorawa. Ya ce da yaran suka samu wannan har ɗaki suka zo suna tambayarsa ko ya san su.

Ya ce shi ma bai zauna hannu rabbana ba, ya tafi da kaset ɗin Shata guda biyu daga gida kuma sai da aka kwafe su a Poznan ba adadi, mai gangan cikinsu ya yi ta mayar da wajen kalangu yana son ya gane yadda ganga ke magana. Ya nuna da hannu ya ce ga shi nan ma a garin nan aka binne Shata a 1999.

Babu wuta, muka sayi fetur lita biyu aka tada ƙaramin janareta aka kai shi can bayan gida da doguwar waya don kar ƙararsa ta dame mu. Na jona rikodar da kwamfuta na buɗe Audacity, manhajar naɗar sauti, na fara da Jarocin 84. Na juya zaren da biro tukuna daga farko har ƙarshe don ya saki jikinsa, na liƙa sabon soso da na yanko daga wani kaset marar amfani, na danna. Da farko iska ce kawai da hayaniyar mutane, sai wata murya siririya kusa da makirfon ta ce da Hausa, to bismillah, bari mu gani ko za ta ɗauka. Abokina ya zabura ya ce Kawu kai ne! Kawu bai amsa ba, ya dai ajiye carbin a cinya. Sai jita ta ɓarke.

Ƙungiyar Siekiera ce, 'yan garin Puławy na Poland, a shekarar da suka girgiza wajen. Wanda ya san tarihin ya san wannan zubin nasu bai daɗe ba, suka watse aka sake ƙungiyar ta koma wani salo mai sanyi, kuma abin da suka yi na hardcore sai 2008 aka fitar da shi a hukumance. Akwai naɗe-naɗen wannan ranar a intanet na sha jin su, amma wannan daga inda Kawu ya tsaya ne, hannunsa a sama riƙe da rikoda, kana jin sanda aka ture shi sautin ya karkace, kana jin wani na tari saboda ƙura, kana jin batir na raguwa wajen ƙarshe muryar mawaƙin na ƙara kauri. Gaskiya na ji abubuwa da yawa a rayuwata masu tsabtar sauti da ba su taɓa ni kwatankwacin wannan ba.

Amma wanda ya fi duka tsada a wajena ba shi ba ne. Wani baƙin Stilon ne da ba kwali, na ƙungiyar abokan nan nasa masu rakiya, sun naɗa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye gawayi, waƙa takwas, rabi hardcore rabi thrash don a lokacin an fara cakuɗa su. Ba su taɓa shiga situdiyo ba, aka ɗauki mai jitar aikin soja na dole ƙungiyar ta mutu. Kawu ya ce kwafi biyar suka yi a gabansa da kaset ɗin da suka samu. Muna tsakiyar waƙa ta uku zaren ya tsinke, zuciyata ta faɗi, na kashe da sauri na kwance sukurorin nan biyar na buɗe shi a kan tire abokina na haska mun da waya, na haɗa bakin biyu na liƙa ta baya da siririn selotef. An rasa kamar daƙiƙa ɗaya, sauran duk ya fito. Sunan ƙungiyar na nan a rubuce amma Kawu ya ce kar in sa a ko ina sai an nemo ɗaya daga cikinsu an tambaye shi, akwai adireshi a wasiƙun, na ɗauki hotonsu.

Kaset ba ya sauri, C90 minti 45 ne kowane gefe kuma dole ka zauna ka bi shi, don haka har aka yi kiran assalatu kaɗan muka gama. Washegari wuta ta zo da rana muka ci gaba har yamma. Na ce baba ko za ka sayar mun da ko guda biyar ne, akwai masu tara irin wannan a Turai da Jafan da ke biyan kuɗi sosai, ni ba sayarwa zan yi ba adanawa zan yi. Ya ce a'a. Ya ce ba a taɓa sayar masa da ko ɗaya ba, duk ba shi aka yi, kuma ƙa'idar a lokacin ita ce in an ba ka ka kwafa ka ba wani. Sharaɗinsa biyu, kar in karɓi ko kwabo a kan abin da na kwafa, kuma duk wanda ya tambaya in ba shi. Na ce na ɗauka. Na tuna masu turi na kasuwanninmu da yadda waƙoƙin Mdou Moctar na Nijar suka zaga sahara a memori da Bluetooth kafin Turawa su san shi, na ba shi labarin, ya ce to ai abu ɗaya ne, mu dai namu sai ka jira wata guda kafin ambulan ya iso.

Da zan tafi na kai masa turare da goro, ya sa aka ɗaura mun fura a leda da ɗan buhun gero na Hajiya, ya yi mun addu'a ya ce in gaida mutan gida. Abokina ya koma Katsina da rikodar don ya mayar ma mai ita ya karɓo mun jinginata, ni kuma na hau motar Kano naira 4,000 ta Kazaure da Dambatta, na yi bacci tun kafin mu fita Daura sai a Dawanau na farka.

Duka tafiyar da kuɗin mota da gyara da fetur da tsaraba ta ci mun wajen 30,000. Abin da na kwafa bai kai rabin akwatin ba, sauran suna buƙatar sabon soso wasu kuma sai an sauya masu gida gaba ɗaya saboda lanƙwasa. Na riga na rubuta wasiƙa zuwa adireshi biyu na Poznan, Kawu ya gyara mun yaren ta waya don har yanzu bai manta ba. Bayan sallah in sha Allah zan koma, kuma wannan karon zan tsaya shagon baban nan na Katsina in fara da buhunan da ake kawo masa. In akwai wanda ke da rikoda mai lafiya a Kano, ko tsofaffin kaset marasa amfani da zan ciri soso da gida a jikinsu, don Allah ya yi mun magana.